Ƙugiyar Kaka

Ranar da Kaka ya rasu, tun ba a dawo daga maƙabarta ba wayata ta cika da saƙonni. Ina zaune a tsakar gidanmu na Ƙofar Durbi, tsakanin Inna da ƙanwarta Gwaggo, ido ya kumbura, ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya ce, "Allah ya jikansa." Na biyu, "Allah ya jikansa da rahama." Na uku ma haka. Ban san lokacin da na ja tsaki ba, tsaki mai ƙarfi, a gidan makoki, har Gwaggo ta ɗago ta harare ni.

"Ke, lahiyarki? Mi aka yi maki?"

"Ƙugiya suka bari," na ce. Sai dariya ta ƙwace mini, kuka ya biyo bayanta, na kifa kai a cinyar Inna. Matan da ke zaune suka ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa ni.

Kaka, mahaifin Inna, ya yi shekaru yana yaƙi da wannan kalma. Jika daban, jin ƙai daban, abin da ya raba su a takarda kuwa 'yar lanƙwasar nan ce da ke kan harafin ƙ, wadda shi yake kira ƙugiya. Ya sha gaya mini, cikin wasan da ke tsakanin kaka da jika: "Amarya, ran da na tahi, duk wanda ya rubuto 'jikansa' ba ƙugiya, ki maida mashi addu'arshi ya gyaro. Allah ya san nuhi, na sani. Amma ni jikoki gare ni har sun ishe ni. Jin ƙai nike nema."

Ban mayar wa kowa addu'arsa ba. Na amsa da amin, na kife wayar.

Bayan La'asar Kawu ya shigo yana cewa lungu ya cika da motoci, har maƙwabta sun ƙaro tabarmi. Can sai ga mata suna shigowa rukuni-rukuni, waɗanda Inna ba ta taɓa gani ba. Wannan malamar makaranta, wannan mai karanta labarai a rediyo, wannan lauya. Kowacce ta durƙusa: "Inna, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah shi gafarta mashi, shi sa ya huta." Inna na amsawa tana kallona. Da ta kasa daurewa sai ta tambayi ɗaya, "Ɗiyata, daga wane gida kuke?"

"Mu 'yan Bango ne, Inna."

"Wane bango kuma?"

Inna ta san mahaifinta a matsayin tsoho mai shagon fotokofi a jami'a, mai fita da sassafe, mai dawowa da baƙin tawada a yatsu. Iyakar abin da ta sani ke nan. Saboda ita na zauna rubuta wannan, da kuma ƙannena da za su taso su ji an ce kakansu mai fotokofi ne, su ɗauka shi ke nan labarin.

Kaka ya koyi aikin ɗab'i tun yana saurayi, a wata tsohuwar maɗaba'a a cikin gari, zamanin da ake jera haruffan dalma ɗaya-ɗaya da hannu. Kowane harafi da gurbinsa a akwati. Yakan ce, "Ka da ƙa ba su kwana ɗaki guda." Da kwamfuta ta zo ba ta da ƙ, ba ta da ɗ, ba ta da ɓ, Kaka bai ɗauki abin a matsayin ci gaba ba. Rashin tarbiyya ya ɗauke shi. Tun daga nan ya saƙale jan biro a bayan kunne, ƙarƙashin hula, kuma ban taɓa ganinsa ba shi ba sai in zai yi alwala.

Da biron nan ya addabi Katsina. A kawo masa katin biki, kafin ya duba ranar sai ya gyara "daurin aure" ya koma "ɗaurin aure", ya miƙa wa wanda ya kawo. Ya taɓa tsayar da ɗan kabu-kabu a Ƙofar Marusa don ya sauka ya gyara allon wani mai shayi da ya rubuta "kwai". Mai shayin ya fito da faɗa, suka ƙare da shan shayi tare. Ni kaina wasiƙar da na rubuta masa ina firamare, ta neman ya sayo mini takalmin Sallah, ta dawo mini da jan zane bakwai. Takalmin ya biyo baya, amma sai da na sake rubutawa.

Bango ita ce jaridar ɗaliban jami'armu. Wanda ya fara ta ya zo ta'aziyya, yanzu malami ne a wata kwaleji, ga tumbi ga furfura, kuma a zaure ya sake ba da labarin da duk ɗan Bango ya haddace. Su huɗu ne, suna rubutu da alƙalamin maka a kan farin kwali, su manna a bangon babban ɗakin lacca ranar Litinin da safe. Wani mako masu gadi su yage, wani mako ruwan sama ya wanke. A shagon Kaka suke sayen kwalin. Wata Litinin ya bi su a baya ya ga me ake yi da kwalinsa. Ya tsaya ya karanta tun daga sama har ƙasa, ya zaro biro, ya shiga gyara a jikin bangon, ɗalibai na kallo.

"Baba, wa ya sa ka?" in ji mai jaridar, ransa a ɓace.

"Idona ya sa ni. Maganarku mai kyau ce, rubutunku ne ba ya da kunya. Ku buga a kwamfuta ku kawo mani."

Daga nan kwali ɗaya ya zama shafi huɗu da ake haɗewa da ƙusa, rabi Turanci rabi Hausa, amma sunan Bango bai sake ta ba. Tsarin bai canza ba har zamanina: a buga, a kai wa Kaka, ya zauna ya bi kowane layi yana saka ƙugiya da hannu a kan takardar asali, sannan inji ya kwafa. Sunansa bai taɓa fitowa a jaridar ba. An yi an yi, ya ƙi. Ya ce jaridar ɗalibai ce, shi kuwa ko rajista bai yi ba.

Wanda bai zauna a jami'a ba, zai ce mene ne abin damuwa a jarida mai shafi huɗu. To, a nan ake sanin an sauya ranar jarrabawa, a nan ake cigiyar katin shaida, a nan famfon da ya mutu wata biyu ke samun mai yi masa magana. A nan mai son ya zama marubuci ke fara ganin sunansa a buge, ya yi kwana uku bai taka ƙasa ba. Shafukan Hausa kuwa har masu gadi da masu shara da 'yan kabu-kabun bakin ƙofa suna nema. Abin da ɗalibi ɗaya ba zai iya shiga ofis ya faɗa ba, Bango ta faɗa, kuma ofis ya karanta, ko da a ɓoye.

Kaka ba edita ba ne, amma babu editan da bai sha tambayarsa ba. Yana saka ƙugiya, ba ya ɗago kai, sai ka ji: "Wa ya faɗa maki?" In ka ce kowa ya sani, sai ya ce, "Kowa ɗan wace unguwa ne? Kin taka kin je kin gani?" Sau da yawa labari ya mutu a kan bencin shagon nan, kuma da ya fita da mun ji kunya.

A cikin masu ta'aziyya akwai wani ɗan kabu-kabu, magidanci, da ya nemi a kira ni ƙofar gida. Ya zaro wata takarda daga leda, ta yi laushi saboda naɗewa. Shafin farko ne na Bango, tun kafin in shiga jami'a. A wancan makon ana zaɓen shugabannin ɗalibai, an cika shafin da hotunan 'yan takara. Kaka ya duba ya ce wa editan, "Tsohuwar da ke share maku ɗakin lacca ta rasu ran Alhamis. Ban gan ta ba nan." Editan bai ma san sunanta ba. Kaka ya ce ya hau mota ya je ƙauyensu, can bayan Batagarawa, ya tambayo. Ya je. Ranar Litinin sunanta ne a sama, 'yan takara suka koma shafi na uku suna ƙorafi.

"Mahaihiyata ce," in ji mutumin. "Ba a taɓa rubuta sunanta ko'ina ba sai nan. Na ji tsohon ya rasu, na ce ko aiki zai tsaya sai na zo."

Yanzu sai in zo kan abin kunyata, tunda ba a ba da labarin Kaka a tsallake shi.

Ina aji huɗu aka ba ni editan Bango. Ina da baki, ina da gaggawa, kuma ina ganin babu wanda ya kai ni. A lokacin aka naɗa sabon jami'i a ofishin kula da harkokin ɗalibai. Makonsa na farko ya hana girki da risho a ɗakunan kwana, saboda tsoron gobara. Dalilinsa mai kyau ne, sai dai ba a tanadi inda za a yi girkin ba, ɗalibai mata suka koma cin garin kwaki da biredi. Na taka na je na gani, na kuma je na ji ta bakinsa. Na rubuta labari mai adalci, har yau ina alfahari da shi. Na sa masa kai: "Sabuwar ƙura a ofishin kula da ɗalibai."

Ranar Lahadi na kai wa Kaka, na tarar yana rufe shago. Abokinsa na maɗaba'a ya rasu, za shi jana'iza.

"Aje, Amarya. Gobe bayan Azahar ki zo ki amsa."

"Tsoho, gobe da safe ɗalibai za su zauna da ofis. Dole ta fito kafin nan."

"To ta hito jibi. Gaskiya ba ta tsami."

Raina ya ɓaci. Na ce masa, kuma ina tuna kowace kalma, "Kaka, duniya fa ta wuce ƙugiya. Kowa ya san abin da ake nufi. Kai kaɗai ka rage kana wahalar da mutane."

Bai ce na yi rashin kunya ba. Ya dube ni, ya cire biron daga bayan kunne ya sa a aljihu, ya ce, "Allah shi kiyaye hanya." Na wuce shagon gaba aka kwafa mini yadda take.

Litinin da safe Bango ta fito, manyan baƙaƙe a sama: "Sabuwar kura a ofishin kula da dalibai." Gaskiya ne kowa ya san abin da ake nufi. Amma ɗalibai na jin haushin risho, ga shi an miƙa musu suna a faranti. Kafin Azahar babu mai kiran mutumin nan sai Kura. In ya ratsa ta gaban ɗakunan kwana, sai a ji wani ya yi kukan kura daga taga, a kwashe da dariya. Da farko, Allah ya yafe mini, har na ji daɗi, don ba a taɓa wawason Bango irin na ranar ba.

Ranar Laraba takarda ta iso ni. Kwamitin ladabtarwa zai zauna Litinin mai zuwa kan abu biyu: a rufe Bango gaba ɗaya, ni kuma a dakatar da ni, saura wata uku in gama. Na ɓoye wa Inna. Na daina bi ta layin shaguna, sai in zagaya ta bayan masallaci don kada in haɗa ido da Kaka. Abin da ya fi ci mini rai ba digirina ba ne. Jaridar da mutane suka riƙa miƙa wa juna hannu da hannu tun daga kwali, ita ce za ta mutu a hannuna, saboda na ƙi jiran kwana ɗaya.

Abin da ban sani ba, masinjan kwamitin a shagon Kaka ya kwafi takardar. Ya riga ni karanta ta.

Ranar zama na shiga ni kaɗai. Malamai biyar a bayan dogon tebur, shugabansu a tsakiya, jami'in a gefe ya sunkuyar da kai. An fara karanta tuhuma ke nan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Sai ga Kaka cikin farar babbar rigarsa ta Juma'a, ya rungumo wani ƙunshi a tsohon zanen gado, yana haki.

"Salamu alaikum. Ranku shi daɗe, an tashi lahiya? Ya aiki? Ya iyali? Ya ɗalibai?"

Babu wanda bai san shi ba a wurin. Shugaban ya amsa gaisuwar har ƙarshe, sannan ya ce, "Baba, wannan zama ne na cikin gida."

"Ni ma ba roƙo na zo ba. Shaida na kawo."

Ya kwance ƙunshin a kan tebur. Bango ce, kowace fitowa, tun shafin farko da aka buga a kwamfuta, takardun asali masu jan zanensa. Ya ce su ɗauki wadda suka ga dama su nemo masa harafi ɗaya da aka bari ba ƙugiya. Suka jujjuya, ba su samu ba. Sai ya ɗauki tawa ya sa tabarau.

"Wannan kuwa ko guda babu, har 'ɗalibai' tsirara suke. To tunda yadda aka rubuta za a karanta, bari in karanta maku duka." Ya gyara murya. "'Dalibai sun tarbi sabon jami'in da doki.' Kun ji, da doki suka tarbe shi. Ɗoki take nuhi. Ga wani: 'Ana fatan a warware matsalar kafin zango ya kare.' Ranka shi daɗe, shahi guda, ga kura, ga doki, ga kare. Wannan ba zagi ba ne, kasuwar dabbobi ce."

Wata malama ta toshe baki da mayafi. Shugaban ya yi ta maza, amma kafaɗunsa suka tona shi. Ni har na fara sakin jiki, sai Kaka ya nuna ni da biro.

"Kada ku ga na wanke ta. Laihi ta yi. Gaggawa ta yi, ta raina aiki, ta raina tsoho. Amma ba ta zagi kowa ba."

Jami'in ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ɗago, muryarsa a ƙasa. "Baba, na yarda kuskure ne. Amma sunan ya riga ya bi ni. Ya fita jami'a ya shiga unguwa. Jiya ɗiyata ta dawo daga Islamiyya tana kuka, wai an ce babanta kura ne, wai mi na sata? Ni ban taɓa ɗaukar allurar kowa ba."

Kunya ta rufe ni. Sai a lokacin na ga mutum ne zaune a wurin, ba ofis ba.

Kaka ya cire tabarau. "Gaskiyarka, Malam. An ɓata maka. To amma ku duba mani. In kun ruhe Bango yau, shahin nan shi ne na ƙarshe, shi za a riƙa tunawa, sunan ya zauna ke nan. Wa zai cire shi? Sanarwar ofis? Yaran nan ba su karanta sanarwa. Bakin da ya ɓata shi ne zai gyara. Ku bar ta ta wanke abin da ta zubar."

Suka yi ƙus-ƙus a tsakaninsu. Shugaban ya ce to, za a duba, da sharaɗin in ba da haƙuri a shafin farko, in kuma janye labarin risho gaba ɗaya. Na dubi Kaka. Ya kau da kai yana kallon silin, kamar bai san ni ba. Na gane wannan tawa ce.

"Ranka ya daɗe," na ce, "haƙuri zan ba da shi da manyan baƙaƙe, don na cuce shi. Amma labarin risho gaskiya ne. Na je na gani. Har yau mata ba su da wurin girki. Ƙugiya na bari, ban yi ƙarya ba."

Shugaban ya haɗe rai. Kafin ya buɗe baki jami'in ya riga shi. "A bar labarin. Ta zo ta tambaye ni, kuma abin da na faɗa ta rubuta. Sunana kawai nike so a maido mani."

Na ji Kaka ya yi wani ɗan tari. Duk wanda ya san shi ya san tarin nan, shi ne iyakar yabonsa.

Ba a rufe Bango ba, ba a dakatar da ni ba. Amma hukuncin Kaka ya fi na kwamiti zafi. A bakin ƙofa ya zaro biron ya miƙa mini. "Duk inda kwahin nan yake, ki nemo shi ki sa mashi ƙugiya da hannunki." Kwana uku ina yawo ɗaki-ɗaki, allo-allo, har wurin masu gadi. Abin ya zama abin dariya, ɗalibai suka riƙa yin layi da nasu kwafin, ana ce mini, "Edita, ga kurata a ɗaure mani ita." Duk wanda na gyara wa sai na gaya masa abin da ɗiyar mutumin ta tambayi ubanta. Dariyar takan tsaya a nan.

Litinin ta gaba, rabin shafin farko harafi ɗaya ne, ƙatuwar Ƙ da Kaka ya zana da hannunsa, ban-haƙurina a ƙarƙashinta, labarin risho kashi na biyu a gefe. Kukan kura ya mutu a tagogi. Kafin zangon ya ƙare, da ƙugiyarsa, jami'in nan da kansa ya tsaya aka kafa rumfar girki a bayan ɗakunan mata. Har yau tana nan, kuma Rumfar Ƙugiya ake ce mata, ko da yake yawancin masu girki a ciki ba su san dalili ba.

Da na je mayar masa da biron na durƙusa zan ba shi haƙuri, bai bari na gama ba. "Tashi, Amarya. Da ma na san auren nan wahala zan sha." Ya saƙale abinsa a kunne.

Shekarun baya da gani ya fara yi masa wuya ya bar shagon. Bango ta koma waya, ana buga kaɗan don bango. Ranar da na nuna masa wayoyi sun samu ƙ da ɗ da ɓ, ya riƙe wayar kusa da ido ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ashe sun ji magana." Kai ka ce shi ya aika musu da takarda.

Ranar sadakar bakwai, da hantsi, 'yan Bango suka dawo, wannan karon a haɗe, tun daga masu kwali har na yanzu. Editar yanzu, wata siririyar ɗaliba mai kaifin ido da ta tuna mini kaina, ta nemi izini a fito da Inna zaure. Na sa aka ɗauko adakar da Kaka ke ajiye takardun asali, waɗanda Gwaggo ta so a ba mai ƙosai ta riƙa naɗi da su, na damƙa wa editar. Ta rungume ta kamar jariri. Sannan ta zaro takarda guda ta shimfiɗa a kan tabarma.

Shafin farko ne na Bango ta gobe. Hoton Kaka, da sunansa cikakke a sama, karo na farko. A ƙasa ta'aziyya ce, kuma da kallo ɗaya na ga babu ƙugiya ko ɗaya. Jinina ya hau. Na buɗe baki zan yi mata ta Kaka, sai ta riga ni.

"Da gangan ne, Anti. Wayar na da su, mu muka cire. Mun ce yau da hannu za a sa. Biron na nan?"

Yana cikin jakata tun ranar da aka yi wa Kaka wanka. Na miƙa. Mai kwali ya fara, ya sa ɗaya ya ba na kusa da shi. Malamar makaranta, mai rediyo, lauya, kowa guda ɗaya. Ɗan kabu-kabun nan, ɗan mai sharar, aka nuna masa inda zai ja, ya ja a hankali yana cije leɓe. Sai biron ya isa hannun wani dattijo mai farin gemu da ke zaune a lungu, wanda ban lura da shi ba. Jami'in ne, ya yi ritaya. Ya nemo layin da aka rubuta cewa marigayin ya kashe kura da yawa a jami'a, ya yi murmushi, ya mayar da ita ƙura. Zauren ya ɗauki dariya, wasu na share ido.

Inna na kallon wannan duka, ta riƙe haɓa. "Ashe tsohon nan jama'a gare shi haka," ta ce. "Ni ina ta yi mashi faɗan tawada a riga."

Aka miƙo mini biron a ƙarshe. An cike ko'ina, jan zane ya bazu a shafin kamar yadda yake yi a hannunsa. Layi ɗaya suka bar mini, na can ƙasa: "Allah ya jikansa."

Na durƙusa. Hawaye na neman ɗiga a takardar, editar ta yi sauri ta tare da tafinta. Na ja ƙugiyar. Ta fito a karkace, ta fi sauran girma, da yana nan da ya ce in sake. Na ɗaga takardar na karanta wa Inna da ƙarfi, yadda na tsakar gida ma za su ji, kuma zaure ya amsa da amin har lungu.

Tsoho, ga ƙugiyarka. Allah ya jiƙanka.